Kakanninmu a Shafin Farko

A ɗan shagona da ke Dabokpa na tsara wa kawuna littafin tarihin zuriyarmu. Ya kafe cewa duk wanda ya rasu sai an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, a layinsa shi kaɗai. Don in huta, na ba sunayen irin rubutun da na ba kan kowane babi.

Ranar kai wa maɗaba'a na sa kwamfuta ta jero abubuwan da ke ciki. Ita ina ruwanta da babi ko mamaci? Ta kwaso kakanninmu kaf, kowa da lambar shafinsa, babobin suka ɓace a tsakaninsu. Na goge, na sake, suka dawo. Na zagi na'urar har maƙwabcina ya leƙo.

Na ce, "Kawu, ku ba ni zuwa gobe in cire su."

Ya ɗora yatsa a kan sunan mahaifina, ya ce, "Wa za ka fara cirewa?"

Haka aka buga shi. Har yau haushi nake ji, kuma har yau ban ba shi amsa ba.