Ranar da Farfesa Ya Ɗauki Tsumma

Shekara ashirin da shida Kuwabara Shizue ta yi tana riƙe da na'urar ganin ƙwayoyin jiki a ɗakin bincikenmu na Sendai, ƙasar Japan, sunanta bai taɓa hawa kan takardar bincike ba. Ai ba dakta ba ce. Mu masu digiri mu shafa wa ƙwaya rini mai ƙyalli, ita ta saita haske, rinin ya riƙa ƙiftawa ɗigo-ɗigo, kyamara ta ɗauki hoto dubu ashirin, kwamfuta ta haɗe su su zama ɗaya tangaran. Mu kwashe yabo, ita ta ɗauki kwanon shinkafarta ta tafi gida.

Da ritayarta ta matso, Farfesa Hatanaka ya yi mata alkawari: in ta fito da hoton zaren jijiya kafin goma ga Janairu, sunanta zai shiga. Wata biyu tana juya madubai goma sha ɗaya da hasken ke bi, kowanne ta manna masa guntun tef, ta ja layi da fensir, alamar inda ta saita shi.

Sai sharar ƙarshen shekara ta zo, ranar da babba ke ɗaukar tsumma don a ce ba shi da girman kai. Ga tagogi nan birjik, amma Farfesa, bawan Allahn nan, teburinta ya zaɓa, tana can tana wanke firij. Ya ɓare tef ɗin kaf, ya goge madubai, ya ɗaure duk abin da ya ji yana motsi.

"Kuwabara-san, zo ki ga teburinki! Shekara nawa rabonsa da tsumma? Har fuskata nake gani."

Ta zo ta duba teburin. Na raɗa mata, "Ki faɗa masa mana! Ko ni in faɗa?"

"Rufa mini asiri, Morioka-san. Babba ya yi mini shara, in ce ya yi ɓarna?"

Ta rusuna. "Sannu da aiki, Farfesa. Na gode."

Ni ma na rusuna. Wannan ne ke cin raina har gobe.

Aka kulle ginin kwana shida don hutun sabuwar shekara. Ranar goma hoton ya fito dishi-dishi. Farfesa ya girgiza kai ya ce, "Shekaru ne, ido ya gaji."

Takardar ta fita da hoton da aka aro daga wani wuri. Sunana ne na biyu. Nata yana can ƙasa, a layin godiya: "bisa kula da tsaftar kayan aiki."