Garken Kati

A shekarun da shingen sojoji ya cika titunan Gombe, sai na ɗauro wa kaina koyon Japananci. Akwai gurbin karo ilimi kan injinan noma a ƙasar Japanawa, amma sai an ci jarrabawar rubutunsu, kuma sau ɗaya ake ba mutum dama. Rubutun nan, kanji, ba baƙaƙe ba ne irin namu: kowace kalma da zanenta, ga su ɗaruruwa. Na yanka kwali na yi katuna, zane a gaba, ma'ana da furuci a baya. In na haddace goma da safe, kafin la'asar sun gudu. Wallahi har kuka na taɓa yi, gardi da ni.

Lokacin Baba yana zaune wurina a unguwar Kumbiya-Kumbiya. Daji ya ƙi zaunuwa, ya sayar da shanunsa ya dawo gari, yana wuni a tabarma ba uhm ba uhm-uhm. Wata rana ya ga na watsar da katunan cikin fushi, ya tsince su yana jujjuyawa.

"Kai wannan," haka yake kirana, don ni ne ɗan fari, "wace ce uwar wannan?"

Na ce, "Baba, rubutu ne, ba shi da uwa."

"Shirme! Dubi ɗigo ukun nan a gefenta. Ga su a wannan, ga su a waccan. Ɗaki ɗaya ne."

Na juya bayansu: teku, tafki, hawaye. Duk dangin ruwa! Mutumin da bai san 'a' daga 'ba' ba, ya gano abin da na yi wata biyu ban lura ba.

Daga ranar muka shiga kiwo. Baba ya ware su ɗaki-ɗaki yadda makiyayi yake riƙe garke a ka: uwa, 'ya, jika. Kowace ya raɗa mata suna da hali. Wannan Wule ce, mai farin goshi, ba ta son taro. Waccan Saye, ƙahonta ɗaya ya karye, mafaɗaciya. In na rikita biyu sai ya ce, "Kayya! Da a daji ne da ka tatsi bijimi." Har abinci ya koma ci sosai. In zan fita yakan ce in bar masa rabi, kada sojoji su ɗauka laya ce su watsa masa dabbobi.

Ranar jarrabawa a Abuja, ina buɗe takarda na ga garkenmu reras. Na san kowace, na san uwarta, na san ma'anarta. Sai dai rabin tambayoyin furuci ake nema, wato yadda Japanawa ke kiranta. Ni kuwa in na kalli zane, abin da ke zuwa bakina Wule ne da Saye. Wata huɗu muna kiwo, ba wanda ya tuna da furucin da ke bayan kati. Na faɗi warwas.

Da sakamako ya fito, na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ban ci ba. Ba tafiya."

"Alhamdu lillahi!" Ya faɗa da ƙarfi, kafin ya kama bakinsa. Sai ya hau gyaran hula, yana cewa wai nufinsa komai na Allah ne.

Na so in yi fushi, raina ya ɓaci ƙwarai. Amma na ga tsohon ya kasa ɗago ido ya dube ni.