Baƙin mai a ganyen lemo

A gidanmu na Roni akwai bishiyar lemon tsami ɗaya da Baba ya fi ji da ita fiye da mu 'ya'yansa. Ko ganyen da ya zube a gindinta ba ya bari a share, wai taki ne. A inuwarta kuma yayana, wanda yake acaɓa, yake juye wa babur ɗinsa mai.

Wata kaka ganyen ya fara rawaya yana kakkaɓewa. Baba ya tsinki ɗaya ya juya bayansa, sai ga ɗigo-ɗigo baƙi yana maiƙo, sak baƙin mai. Ya murza da babban yatsa, bai fita ba.

A gaban abokan Yaya, Baba ya ce masa, "Kai da babur ɗinka, ku bar min gida."

 Bayan kwana uku Yaya ya ɗaure kayansa ya tsallaka Damagaram. Ni kuwa na ga tabon har a rassan sama, inda mai ba zai kai ba, amma wa ya isa ya tanka wa Baba?

Bayan wata biyu malamin gona ya zo. Ya duba bayan ganyen, ya tona tarin ganyen da ke gindin da ƙafa.

"Alhaji, wannan ba mai ba ne, cuta ce irin ta funfuna. A cikin ruɓaɓɓen ganyen nan take kwana, damina ta tashe ta ta hau sama. A share a ƙone, a yi feshi."

Tun daga ranar kullum da safe Baba da kansa yake sharar gindin, dattijo da tsintsiya, ba ya yarda a karɓa. Sunan Yaya dai bai ambata ba. Taurin kai a gidanmu gado ne.

Da kewa ta ishe ni na kira Yaya a waya na zayyana masa komai. Ina jin ƙarar babura a bayansa, sai ya tambaye ni:

"Shi ya ce ki gaya min?"

Na ce a'a.

"To, ki gaishe shi."

Bishiyar ta warke. Baba ya rasu ba su sake haɗuwa ba, Yaya kuma ya yi iyali a can, sai dai waya. Ina kewarsa ƙwarai. An hore mu da faɗin gaskiya, amma har yau ina cewa ina ma ranar na ce masa e.