Taimama a Ramin Yashi

Shekarun tsuke bakin aljihu ne suka raba ni da gonata ta Masanawa. Na koma Gwarzo ina yi wa wani Alhaji gadi. Shekarar da Shari'a ta zo Kano aka kai shi Ingila aikin ƙugu. Aka tafi da ni, don ni kaɗai ke iya ɗaga shi.

Da ya ji sauƙi, ɗansa mai karatu a can ya kai mu shan iska filin golf, inda Turawa ke bin ƙaramar ƙwallo da sanda. Ina tura Alhaji a keken marasa lafiya ina kallo.

Filin ya fi gonakin unguwarmu a haɗe. Jigawa ce, ruwa ba ya kwana. Ba su baje ta ba, tudu na nan, kwari na nan. Tsakiya sun aske ciyawa ƙwal. Gefe sun bar wani gajeren tsiro kamar sabara, in ƙwallo ta shiga sai dai haƙuri. Ga ramuka cike da farin yashi, an haƙa su daidai inda ƙwallo ke son faɗawa.

Na ce, "Da gangan?"

Yaron ya ce, "Da gangan, Baba. Gwanayen zamanin da ne suka tsara shi."

Na ce, "Ƙasar gyaɗa ce."

Alhaji ya ce, "Wa ya tambaye ka? Kai dai tura."

Lokacin sanyi ne, ranarsu ba ta jira. Na ɗaga kai na ga ta sauko kan itatuwa. Ban yi la'asar ba, ba ni da alwala. Famfo na can ginin da muka baro, kafin in je in dawo magariba ta yi. Ko shekarar yunwa la'asar ba ta wuce ni ba.

Yaron ya yi gaba. Na taka wa keken birki, na cire takalmi, na sauka rami. Yashin tas, ko kashin akuya babu. Na yi taimama, na tayar da salla a ciki, don ciyawar jiƙe take.

Ina raka'a ta biyu ƙwallo ta faɗo kusa da ƙafata. Ban katse ba.

Da na sallame, ga wani tsohon Bature tsaye a bakin ramin, ya jingina da sandarsa. Yaron ya iso yana haki.

"Baba, ka kashe ni! Ba masallaci ba ne!"

"Yashin wani ne?"

Baturen ya yi magana, ya miƙo mini manjagara. Yaron ya ce dokarsu ce, wanda ya shiga ramin shi zai share sawunsa. Wannan ba aiki ba ne. Na share gurbin goshi, na gwiwa, na ƙafa. Ƙwallonsa ban taɓa ba.

Alhaji ya ce, "Ka samu?"

Na duba yamma. Da sauran rana.

Na ce, "Na samu."