Sandar Bakri ta Shekarar Sallah Biyu

Baba Maikuɗi kafinta ne a Harra ta Gabas. Tun yana saurayi ya zo Madina daga Chadi, ya kama gyaran ƙofofi da tagogi, har yau a kai yake. Amma kowa ya fi saninsa da sandunan ƙwallon gora. Duk watan Sha'aban sai ya tafi Khaibar ya zaɓo rassan dabino masu lanƙwasa a gindi, ya fere su, ya shanya a soro.

Washegarin ƙaramar Sallah ake gasar, a wani fili bayan unguwa. Unguwanni huɗu na 'yan'uwanmu baƙi mazauna Madina ke karawa tun 1412, shekarar korona kaɗai aka tsallake. Al'adar ita ce, wanda ya ci ƙwallon nasara ya miƙa wa Baba sandarsa, shi kuma ya ƙona shekarar Hijira a jikinta da ƙusa mai zafi, ya rataye a shago. Unguwar Khalidiyya ke da mafi yawan sandunan. Harra guda ɗaya tak gare ta, ta Bakri, ƙanin Baba, direban tankar ruwa, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce.

Bana sai samari suka karɓi ragamar gasar, Muhsin na Khalidiyya ne shugabansu. Ya ga wani wasa na mutanen ƙasar Ailan a waya, mai kama da namu, da jerin gundumomin da suka zama zakaru, kowace shekara da layinta. Abin ya burge shi. Ya tambayi dattawan unguwarsu, ya tsara namu haka da shekarun Miladiyya, aka buga a babban allo.

Ranar gasa aka kafa allon a bakin fili. Idon Baba ya yi rauni, sai matarsa Iyatu ta karanta masa. Ta bi layi-layi har ƙasa, ta sake komowa sama.

"Malam, ban ga Harra ba."

"Sake dubawa."

"Sau biyu na duba. Ko so kake in haifo ta?"

Baba ya juya. Ya koma shago da ƙafa, ya ɗauro sandunan duka da igiya, ya ɗora a kai kamar itace, ya dawo ya zube su a gaban allon.

"Muhsin, zo ka ƙirga."

"Ya Ammi, ba'adain, bari sai an jima, yanzu za a fara wasa."

"Ba za a fara ba. Ni na fere sandunan da ke hannunku. Ƙirga."

Muhsin ya durƙusa ya ƙirga, talatin da uku. Baba ya sa shi ya ƙirga layukan allo, talatin da biyu.

"Wataƙila wata ta shigo a kuskure," in ji Muhsin.

"Kuskure a shagona? Kai ana goyonka lokacin. A shekarar da kuke kira dubu biyu, sau biyu muka yi ƙaramar Sallah, ɗaya a farkonta, ɗaya a ƙarshenta. Ta farko ku kuka ci. Ta biyu, 1421, mu ne. Bakri ya ci ta da karyayyen yatsa, ana saura kaɗan a kira magariba."

Wani daga 'yan Khalidiyya ya ɗaga murya: "Ammi, guda ɗaya ce fa! Mu da muke da sha biyar ba mu yi kuka ba."

"Mai raƙuma ɗari ba ya lura in ɗaya ya ɓata," in ji Baba. "Ni ɗaya gare ni."

Muhsin ya duba waya, ya yi lissafi, fuskarsa ta sauya. "Wallahi sahih. Amma khalas, an riga an buga, kuma tsarin layi ɗaya ne ga kowace shekara. Haka su ma mutanen Ailan suke yi. Baɗi in sha Allah mu gyara."

"Su da rana suke ƙirga tasu. Mu wata muke gani kafin mu fito fili. Baɗi kuma wa ya ba ni takardar cewa zan kai?"

Ya juya wajen Iyatu. Ashe ta riga ta buɗe jakarta, ta fito da guduma da ƙusoshi biyu. Tun da ya tafi ɗauko sandunan ta aika gida a kawo mata su.

Baba ya zaro sandar Bakri, wadda gindinta ya tsage aka ɗaure da waya. Ya ce wa Muhsin ya nuna masa inda dubu biyu take. Muhsin ya ɗora yatsa. A ƙarƙashin yatsan Muhsin, Baba ya gicciya sandar, ya buga ƙusa ta farko. Allon ya girgiza, sai Muhsin ya zagaya baya ya tokare shi da kafaɗa har aka buga ta biyu.

Sandar ta rufe rabin layin Khalidiyya na shekarar da ke biye. An yi ta gunaguni, Baba ya ce duk wanda ya ga ta tsare masa hanya ya zo ya cire da hannunsa. Ba wanda ya matso.

Ran nan ma Harra ta sha kashi, ci huɗu da nema. Baba ya karɓi sandar wanda ya ci, ya tafi shago ya ɗora ƙusa a wuta.