Shekarar da Na Ji Tsoron Hadari

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina aka yi ta.

Ina da gona ɗaya gabas da garinmu, kan hanyar Gidan Amumune, wadda maigidana, Allah Ya jiƙan shi, ya bar mini. Jigawa ce, amma akwai gawo cikinta, hatsin gindin gawo kuwa ba ya ba mutum kunya. Ina kuma da jika, ɗan ɗiyata, da na riƙe tun da aka yaye shi. Mijina nake ce mashi, shi ko ya ce mini tsohuwar amarya.

Yaron nan lakwal, makarantar boko, ta karɓe shi. Daga ta garinmu sai Mayahi, daga Mayahi sai jami'a a Maraɗi, inda ya ce zai karanci fizik. Na tambaye shi mene ne haka. Ya ce sanin yadda haske ke tafiya ne, da abin da ke sa dutse ya faɗo in an jefa shi sama. Na ce ni da ban taɓa shiga aji ba, ban taɓa tsayawa ƙarƙashin dutsen da na jefa ba. Ya yi dariya, ya ce ashe na gama shekarar farko.

Abin da ake ba ɗalibai bai isa haya da abinci da littattafai ba. Na saida awaki, suka ƙare. Sai na kai gonar jingina wurin wani Alhaji mai saye da saida hatsi, gaban maigari da shaidu. Ƙa'idar jingina kowa ya san ta: mai kuɗi ya yi ta noma har ranar da aka maida mashi abin shi. Amma in ruwa ya sauka ya riga ya zuba iri, ko da kuɗin ka zo a hannu, sai ka jira kaka.

Yaro ya gama, ya dawo da takardar shi. Na ɗauka wata na kamawa za mu fanshi gona. Ashe takarda daban, aiki daban. Ya daɗe yana nema kafin ya samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Tasawa, albashin kuma ko mai kabu-kabu ya fi shi. Mai makarantar ma ba ya biya cikakke, sai ya ce a bari iyayen yara su kawo. Damana ta yi ta wucewa ina ganin dammunan gonata a amalanken wani.

Wata shekara da bazara ya kira ni ta salular maƙwabta. Ya ce an yi alkawarin biyan su duk abin da suke bi da zarar an gama jarrabawa, in ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya isa.

Na ce, "Yaushe ake gamawa?"

Ya ce, "Saura kaɗan, Kaka."

Na ce, "Kai da ka karanci sama, gaya mini, ruwa zai jira ka?"

Ya ce wannan ba ya cikin abin da aka koya masu.

Tun daga ranar, ni da na tsufa ina murnar hadari, in na ga gabas ta yi duhu sai gabana ya faɗi. Ruwan kuwa ya yi jinkiri. Rumbuna suka yi ƙasa, shanun Filani suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Liman ya ce a fita roƙon ruwa.

Muka fita filin idi da hantsi, maza gaba, mu tsofaffi baya. Kusa da ni maƙwabciyata ce, wadda na san kwanakin nan dusa take dama wa jikokinta. Liman ya ɗaga hannu. Na ɗaga nawa, bakina ya yi nauyi. Na dubi tafin hannun matar nan. Sai na ce amin, na kuma faɗa da ƙarfi don zuciyata ta ji.

Ba a daɗe ba, wata la'asar, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da safe na ɗauki sandata na tafi bakin gonar. 'Yan ƙwadagon Alhaji na ta sara suna zuba iri suna rufewa da diddige. Na yi masu barka da ruwa, suka amsa, na juyo.

Kuɗin sun zo hatsi ya kai gwiwa. Jikana ya kawo su da kanshi, ya ce ko ya sayi moto ya yi kabu-kabu da hutu, kafin kaka ya mayar. Na ce a'a, mijina, kuɗin gona ba su hawa moto. Muka sayi raguna, na damƙa su ga wata ƙawata Bafillata, ta haɗa da garkensu. Da aka ɗaure dammuna muka saida su, muka je gaban maigari, Alhaji ya karɓi abin shi, ya sakar mini gonata.

Alhaji yana nan yana kasuwar shi, in mun gamu muna gaisawa da mutunci. Maƙwabciyata ta ci sabon hatsin shekarar, ta rasu da rani. Su Bafillatar sun yi arewa da dabbobinsu, sai jefi-jefi nake jin labarinta. Jikana yana Tasawa har yau da alli a hannu, bai yi aure ba, wai sai albashi ya ƙaru. Ni kuma ƙafa ta ƙi, ƙannen shi ke noma gonar, sai a ɗora ni a amalanke in je in zauna gindin gawo ina ba su umarnin da ba mai bi.