Kwana Ukun da Aka Ƙirga Motocin Layin Gajere

Sunansa na yanka Abdulra'uf, amma in ka shiga unguwar Adjamé Saint-Michel kana cigiyar Abdulra'uf, za ka wuni kana yawo har takalminka ya tsinke. Ka ce Gajere, ko akuyar layin ta nuna maka ƙofarsa. Kuma ba sharri aka yi masa ba. In ya tsaya bayan teburin namansa a gefen kasuwar Gouro, hula da wuƙa kaɗai ake hangowa, sai ka matso sosai ka gane akwai mutum a tsakaninsu.

A layin aka haife shi, a gidan da ubansa ya gina tun titin yana jan ƙasa. Ya yi boko shekara huɗu, ya fito da Faransancin da ya ishe shi zagin direba da gaida likita. Sauran iliminsa a hannun Alhaji Zakari ya same shi, babban mahaucin da ke gida na uku daga nasu. Shi ya riƙe Gajere bayan rasuwar ubansa, shi ya koya masa fiɗa, shi ya zauna a matsayin uba ranar da aka ɗaura masa aure da Barakatu.

Banda nama, Gajere yana da wani aikin da ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya isa ya tuɓe shi: shi ne mai rumfa. Gidajen layin duk an cusa musu ɗakunan haya har tsakar gida ta koma lungu, mutum goma ba sa iya zama ba tare da gwiwa ta taɓa gwiwa ba. Saboda haka suna ne, biki ne, rasuwa ce, a titi ake yi, a ƙofar mai abin. Tamfol da ƙarafa da bencina a zauren Gajere suke ajiye. Shi yake auna wuri da ƙafa, shi yake cewa a ɗaga nan a sauke can, ya gindaya benci a kowane baki na layin don kada mota ta shigo. Ya fi shekara ashirin yana wannan, kuma ba a taɓa cewa rumfarsa ta faɗo wa wani a ka ba.

Layin zamansa yake yi lafiya sai da direbobin gbaka suka gano shi, wajen shekarar casa'in da shida. Gbaka, ga wanda bai sani ba, ƙaramar bas ce wadda aka haɗa da waya da addu'a, mai birki in ta ga dama. Babban titin da ya taso daga wajen kasuwa yana zuwa ne ya tsaya cak a jikin wani fili, sai mota ta yi doguwar kwana ta faɗa cunkoso. Wani direba mai wayo ya gwada ratsawa ta layin Gajere, ya ga ya rage minti ashirin. Kafin sati ya zagayo duk sun sani. Daga baya manyan motocin ayaba da doya su ma suka biyo sahu.

Tun daga sallar asuba sai oda da hayaƙi. Mata suka daina shanya a waje, don farin zane da launin gawayi yake komawa ɗaki. Tsofaffi suka kwashe tabarmarsu daga ƙofa. Gajere ya sayi siminti buhu biyu ya yi tudu a tsakiyar titi, direbobin suka raɗa wa tudun suna Ƙanin Gajere, suka yi ta hawansa har ya baje.

Ran wata Laraba da hantsi, Barakatu ta fito da kwano za ta sayo aceke, dambun rogon nan, a tsallaken titi. Taku shida ne. Wata gbaka da ta kauce wa rami ta kwashe ta ta gefe ta yar a bakin kwata. Ƙashin ƙugu ya karye. Wata biyu tana asibiti, da aka sallame ta kuma 'yarsu Samira ta wuce da ita gidanta a Treichville, inda take aure da wani ma'aikacin tashar jirgin ruwa mai suna Khalifa. Aka ce jinya ce. Jinya ta ƙare, Barakatu ta fara takawa da sanda, amma zancen komawa bai taso ba.

Da Gajere ya tayar da shi, ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Malam, ni ko odar keke na ji, sai in ga kamar motar nan ce ta sake tahowa kaina. Ranar da motocin nan suka daina bin ƙofarmu, ka zo da tasi ka ɗauke ni. Kafin nan ka bar ni."

Mutumin da bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba ya koma gidan da babu hayaƙin murhu. Daga ranar ya zama ɗan zarya. Ya bi gida-gida da takarda yana tara sa hannu da dangwalen yatsa, ya sa babbar riga ya yi ta hawa benen ofishin masu kula da hanyoyi, har masu gadin suka fara tambayarsa farashin hanta. Buƙatarsa ɗaya: a ƙara wa babban titin tsawo ya ratsa filin nan ya haɗe da na gaba, motoci su bi can su bar mutane su sha iska.

Bayan shekara guda da 'yan watanni aka ba shi amsa. Unguwa uku ne ke kuka iri ɗaya, aikin kuma guda ɗaya za a iya yi. Za a turo mutum ya zauna kwana uku a kowace unguwa ya ƙirga motocin da ke ratsawa, inda suka fi yawa nan za a yi. Nasu layin an ba shi Litinin, Talata da Laraba.

Gajere ya dawo yana tafiya kamar an ƙara masa taku biyu a tsawo. Ya ɗauki diga ya kankare ragowar tudunsa. Ran Asabar aka gan shi a bakin layi yana ɗaga wa direbobi hannu yana murmushi, har wani ya leƙo ta taga ya ce, "Tsoho, lafiya kuwa? Ko an canza maka magani ne?"

"Ku dai ku zo ran Litinin," in ji Gajere. "Ku zo da 'yan'uwanku."

Ran Lahadi da la'asar Alhaji Zakari ya cika. Ya daɗe yana fama da ciwon suga, ba wanda ya yi mamaki, amma Gajere da ya ji sai ya zauna a kan bokitin da ke kusa da shi. Ya yi kukan Alhaji tsakaninsa da Allah. Sai can wani tunani ya shigo masa, ya ji kunyar tunanin, ya kore shi, ya sake dawowa. Zaman makoki kwana uku ne. Litinin, Talata, Laraba.

Sa'ad, babban ɗan marigayin, shi ya zo ya same shi a zaure. Akawu ne a Plateau, unguwar manyan ofisoshin garin, Hausarsa sai ya haɗa da Faransanci take tsayuwa.

"Baba Gajere, na san zancen ƙidayar nan. In kana ganin a kai zaman filin makaranta, wallahi ni ba ni da matsala. Mutane za su gane."

"Waɗanne mutane?"

"Kowa ya san halin da Inna Barakatu take ciki."

Gajere ya dubi ƙarafan rumfa da ke jingine a bango. Filin makaranta tafiyar minti goma ce. Ya hango mahautan Port-Bouët da dillalan shanu da dattawan Treichville sun sauko a ƙofar Alhaji sun tarar da ita wayam, ana nuna musu hanya da baki kamar masu neman gidan haya. Ya hango matan gidan suna ciki su kaɗai, mazan suna wata unguwa. A layin nan ko ɗan haya ne ya mutu, a ƙofarsa ake karɓar gaisuwa.

"Ubanka bai taɓa zama a filin makaranta da ransa ba," in ji shi. "Ba ni zan kai shi ba. Amma bari in gwada wata dabara."

Dabarar ita ce ya tsuke rumfar. Ya kafa ta siririya a jikin bango, ya jera benci biyu-biyu, ya bar rabin titi a buɗe daidai faɗin gbaka. Bai gindaya komai a bakin layi ba. Wanda duk ya tambaya sai ya ce tamfol ɗin ne ya yage.

Litinin da safe mai ƙidaya ya iso, wani Mesiye Kwasi, mai furfura a gefen kunne, da kujerarsa ta ninkewa da allon rubutu. Ya zauna a ƙarƙashin mangwaro ya fara jan layi a takarda, kowace mota layi ɗaya. Wajen ƙarfe goma aka dawo daga maƙabarta, jama'a suka cika rumfa suka tumbatsa, wasu a tsaye ƙafarsu ɗaya a titi. Direbobi kuwa sun amsa gayyata, sun zo da 'yan'uwansu.

Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, wata gbaka ta danno tana oda, mai kiran fasinja yana lilo a ƙofa yana rafka kiran masu zuwa unguwar gaba, "Abobo, Abobo", a kan kawunan dattawa. Liman ya dakata ta wuce. Ya sake farawa, motar ayaba ta taho, madubinta ya shafi ƙarfen rumfa, tamfol ya girgiza, wani tsoho makaho da aka kawo daga Treichville ya miƙe a firgice yana laluben inda zai gudu. Kallon Gajere kawai aka yi, shi ma ba kowa ba.

Ya tashi. Shi kaɗai ya kinkimi benci, bencin ya fi shi tsawo sau biyu, ya ja shi har bakin layi ya gindaya. Ya dawo ya ja na biyu zuwa ɗaya bakin. Sannan ya sa aka buɗe tamfol ɗin gaba ɗaya, bango zuwa bango, yadda aka saba. Liman ya yi addu'arsa har ƙarshe, ana jin amin ɗin kowa.

Da azahar Gajere ya kai wa Mesiye Kwasi shinkafa da nama a ƙarƙashin mangwaro.

"Yako, tsoho," in ji Mesiye Kwasi, yadda ake yi wa mai rashi a garin. "Babanka ne?"

"Kusan haka. Nawa ka samu?"

"Ɗari biyu da sha ɗaya, zuwa ƙarfe goma da rabi. Daga nan sai keke ɗaya, shi ma turo shi aka yi."

"To ka dawo mako mai zuwa mana. Ka ga dai dalili da idonka."

"Mako mai zuwa ina Bracodi. Na sama kuma ina wata unguwar. Ranakun ba ni na yanka su ba."

"To ka rubuta abin da ka san yana wucewa kullum. Ka tambayi kowa a nan."

Mesiye Kwasi ya ajiye cokali. "Tsoho, shekarata goma sha tara ina wannan aikin, abin da ya wuce ta gabana shi nake rubutawa. Zan sa a ƙasan takarda cewa an yi rasuwa an rufe hanya. Amma ba zan ɓoye maka ba, waɗanda ke karantawa sama suke dubawa."

Ya cika kwana ukunsa cif, mutumin kirki. Ya ci shinkafar makoki sau uku, ran sadakar uku har da waina ya tafi da ita gida a leda. Takardar Talata da ta Laraba fari fat.

Bayan wata biyu aka ji cewa wata unguwar ce ta samu. Gajere bai aika kowa ba, da kansa ya hau bas ya tsallaka gada zuwa Treichville, da tsokar cinya a ƙunshe cikin takarda. Ya tarar da Barakatu a baranda tana tsince shinkafa, sandarta a jingine. Labarin rumfa ya riga shi isowa tun tuni, amma ta bar shi ya faɗa da bakinsa, tun daga bokiti har zuwa benci.

"Wa ya taya ka jan bencin?" ta tambaya.

"Ba kowa."

"Da wannan bayan naka." Ta ci gaba da tsintar shinkafa. "Da ka bar motoci sun yi ta bi ta kan gaisuwar Alhaji, da ban san da wane ido zan dubi matansa ba. Ka yi daidai, Malam."

"To ki dawo mana."

"A'a."

Ta faɗe shi a hankali, ba fushi, kamar mai faɗin farashin da ba ragi.

Khalifa ya fito ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce akwai ɗaki a baya babu kowa, Baba ya dawo nan gaba ɗaya a huta da zirga-zirga. Samira ta goyi bayan mijinta da Faransanci mai sauri. Gajere ya yi godiya yana kallon ƙasa. Mutumin da ko ruwa ba ya iya sha a gaban surukinsa, shi za a ce ya kwana a gidansa, ya fito da safe da buta a hannu su yi kiciɓis a ƙofar banɗaki? Ya ce zai yi shawara. Kowa a barandar ya san ba zai yi ba.

Haka zaman ya tsaya. Kullum in ya tashi daga kasuwa da azahar sai ya wanke hannu ya hau bas. Samira ta zuba masa abinci ta kai masa baranda a lokacin da ta san Khalifa yana wurin aiki. Ya ci, su yi hira da Barakatu, ta yi masa faɗan rigar da bai wanke da kyau ba, ya ba ta labarin wanda ya haihu da wanda ya tashi daga layin. Da ya ji la'asar ta yi sanyi, lokacin dawowar mai gidan ya kusa, sai ya laluba takalmansa.

"Gobe in Allah ya kai mu," yakan ce.

"Ka kula da tsallaka titi," takan ce, ba ta ɗago kai ba.